Yadda muka ci kifi a Bangala, kasuwar bakin teku ta Jidda

Yawancin alhazanmu da masu zuwa Umara ba su san komai a Jidda ba sai filin jirgi. A sauka, a duba fasfo, a shiga mota ko jirgin ƙasa, sai Makka ko Madina. Ran komowa kuma a zo a zauna kan kaya ana jiran kira. In an yi sa'a an sami yini guda a tsakani, to na sayayya ne: a shiga Balad, wato tsohon garin Jidda, a kwaso dogayen riguna da turare da dabino da akwatuna. Garin nan kuwa a bakin Bahar Maliya yake zaune, kuma tun zamanin Sayyidina Usmanu ɗan Affan, a shekara ta 26 bayan Hijira, aka mai da shi tashar jiragen ruwan Makka. Amma sai mutum ya shiga ya fita cimarsa ba ta wuce shinkafa da kaza ba.

A tafiyar Umara da na yi da Hajiya mahaifiyata da maiɗakina, Kawu ne ya hana a yi haka. Ɗan wan mahaifin Hajiya ne, a Jidda aka haife shi. Iyayensa suna cikin mutanen da suka taho aikin Hajji ta ƙasa, suka ratsa Cadi da Sudan, suka hau jirgin ruwa daga Sawakin suka ƙetaro, daga nan zama ya kama su. Hausarsa tana nan daram, sai dai ba ya gama jimla bai jefa "yalla" ko "khalas" a ciki ba. Da muka ce masa muna son a kai mu wani gidan abinci na bakin teku mu ci kifi, amma wanda ba zai cinye mana kuɗin tsaraba ba, bai ambaci ko ɗaya daga manyan gidajen abincin nan masu gilashi da fitilu da ke kan titin Kornish ba. Cewa ya yi mu shirya bayan sallar asuba, Bangala za mu.

Bangala ita ce babbar kasuwar kifin Jidda, tana bakin ruwa, yamma da tsohon gari, kusa da tashar jiragen ruwa. Tsarinta shi ne abin da ya kamata mai zuwa ya fahimta tun daga gida, domin ba irin gidan abincin da za ka zauna a miƙo maka takarda ka zaɓa ba ne. Wuri uku za ka bi, kuma kowanne da kuɗinsa daban. Ka sayi ɗanyen kifi a wurin masu teburi, ka kai wa masu gyara su kankare su yanka, sannan ka ɗauka da hannunka ka kai gidan abincin da ke cikin harabar kasuwar a soya ko a gasa maka. Hajiya tana jin haka ta ce, "To mu da muka zo hutawa, sai mu koma 'yan aike? Araha dai ba ta ado." Kawu ya yi dariya ya ce, "Yaya, ado ba za ki gani ba kam. Amma ki bari sai kin wanke hannu ki yanke hukunci."

Mun isa gari ya waye, gwanjo ya kusa tashi. Da sassafe ake yin sa: motoci masu sanyi su sauke kaya, a jera kwanduna, dillali ya tsaya yana ɗaga murya, masu teburi da masu gidajen abinci suna ƙari. Kifin ba na ruwan Jidda kaɗai ba ne. Akwai na Jizan da Kunfuza da Lis daga kudu, akwai na Rabig da Yanbu daga arewa, akwai wanda aka ɗauko daga Tekun Fasha a gabashin ƙasar, akwai kuma na ƙasashen waje. Gwanjo na masu sari ne, kwando-kwando ake saye, saboda haka mai neman abin da mutum huɗu za su ci kallo kawai ya kawo shi. Mun ɗan tsaya muka kalla, muka wuce cikin rumfar 'yan kiri.

Abu na farko da zai tarbe ka shi ne ƙarni, na biyu kuma ruwa a ƙasa. Ƙanƙara tana narkewa, ana ta wanke teburi da mesa, don haka mai doguwar riga fara ya tattare ta, mai takalmi mai santsi ya taka a hankali. Na riƙe wa Hajiya hannu tun daga ƙofa. Masu sayarwa galibi baƙi ne, 'yan Bangaladash da Indiya da Yaman, kowa na kira da Larabcin kasuwa wanda ko mai ɗan abin da ya tsinta a Islamiyya zai iya kamawa. Kawu ya kafa mana doka tun kafin mu yi taku goma: ba a saye a zagayen farko. A bi layi har ƙarshe, a tambayi kuɗin kilo a nan, a tambaya a can, a ga wane kifi ne ya yi yawa yau, domin wanda ya yi yawa shi ne mai sauƙi kuma galibi shi ne sabo.

Ni mutumin Haɗejiya ne, na tashi ina ganin tarwaɗa da karfasa da kurungu ana fito da su daga ruwa suna motsi, na kuma san bandar Baga. A rumfar nan dai sanin nan bai kai ni ko'ina ba, don kifayen wasu ne dabam. Bahar Maliya babu wani kogi mai gudu shekara duka da ke zuba a cikinta, ga zafi yana ƙafar da ruwan, shi ya sa gishirinta ya fi na yawancin tekuna: wajen giram 40 a kowace lita, alhali na manyan tekuna wajen 35 ne. Gaɓarta cike take da murjani, irin dutsen da aka sassaƙo aka gina tsofaffin gidajen Balad da shi, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014. A cikin murjanin nan ne kifaye sama da iri 1,000 suke rayuwa, kuma su ne masu launin nan da ke sa baƙo ya tsaya yana tambaya ko ana ci.

Kawu ya bi da mu ɗaya bayan ɗaya. Ga najil, ja mai ɗige-ɗige shuɗaye, shi ne sarkin kasuwar, shi mutanen Jidda ke saya in za su girmama baƙo, kuma ran nan kuɗin kilonsa ya ninka na yawancin sauran har da ɗoriya. Saboda yawan nemansa ne ma hukuma take hana kamunsa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da yake zuba ƙwai. Ga hamur, mai ƙaton kai da faɗin baki. Ga sha'ur, mai ruwan toka da ɗan tsinin baki, kifin yau da kullum na magidanta. Ga harid, shuɗi da kore, bakinsa irin na aku, da shi yake gatsar murjani yana cin gansakukar da ke jiki. A tsibiran Farasan da ke kudu har biki ake yi masa duk shekara lokacin da yake tururuwa zuwa gaɓa. Ga sijan, ƙanana masu ƙaya a gadon baya, waɗanda Kawu ya ce kada in kuskura in damƙa da hannu domin ƙayar tana da dafi, harbinta na sa hannu ya kumbura. Ga dirak, dogo sumul, wanda ake yankawa fala-fala.

Can gefe sai na hango abin da na sani, karfasa jere kan ƙanƙara, su suna ce mata bulɗi. Ƙafata ta nufi can da kanta. Kawu ya kamo hannun rigata ya ce, "Ɗana, ka baro Haɗejiya ka hau jirgi ka zo Jidda cin karfasa?" Ta kiwo ce, kuma kusa da ita ga kifin salmon da aka ɗauko tun daga Norwe. Duka biyun ba su da laifi, amma wanda ya zo bakin teku don ya ci abin da tekun ta bayar, ba su ya zo nema ba.

A nan ne aikin gaske yake, wato gane sabo. Duk arahar wurin da duk daɗin abin da za ka ci a kan wannan suka rataya, domin mai suya abin da ka kawo masa zai soya, ba zai ce maka ka koma ka canza ba. Kawu ba ya tambayar mai teburi ko kifin na yau ne, ya ce tambayar ba ta da amfani a kowace kasuwa ta duniya. Ido yake fara dubawa: ya zama tar, ya ɗan turo waje, ba wanda ya faɗa ciki ya yi fari-fari ba. Sannan ya sa yatsa ya ɗaga murfin da ke gefen kan kifin, inda yake numfashi. Idan cikin ja ne jawur kuma da danshi, to madalla. Idan ya koma ruwan ƙasa ko ya yi yauƙi, sai ya sake shi ya matsa gaba ba tare da ya ce uffan ba. Daga nan ya danna tsokar bayan da ɗan yatsa: in ta dawo nan take, kifin bai daɗe ba, in gurbin yatsan ya zauna, ya kwana da yawa ko an daskarar da shi an narkar. Wani lokaci yakan ɗaga kifin ta kai ya ga ko jikin zai tsaya miƙe ko zai langaɓe. Na ƙarshe hanci. Sabon kifin teku warin ruwan gishiri yake yi, ba ya hawa kai. Babu mai teburin da ya ɓata rai don ana taɓa masa kaya, haka kowa ke yi, wasu ma su suke buɗe maka murfin da kansu in sun yarda da hajarsu.

Akwai kuma maganar girma. Idonmu na mutanen tudu ƙaton kifi yake so, a ga an kawo shi ya cika tire. Kawu ya ce na gashi kada ya wuce wanda mutum biyu za su cinye, don ƙato kafin cikinsa ya nuna bayansa ya ƙone, na suya kuwa ƙanana sun fi shan gishiri da tafarnuwa. Ya kuma ja hankalina kan abin da ba kowa ke lissafawa ba: da kai da hanji da ɓawo ake auna maka, bayan gyara kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, a kifi mai ƙaton kai irin hamur ma abin ya fi haka. Saboda haka dirak da ake sayarwa a yanke, ko da kilonsa ya ɗan fi tsada, kusan duk abin da ka biya tsoka ce. Ƙa'idarsa rabin kilo na ɗanyen kifi ga kowane baligi.

Ciniki ana yi, amma ba irin namu na Kantin Kwari da za a ce dubu goma ka taya uku ba. Ragin kaɗan ne, kuma ya fi samuwa in ka haɗa kayanka a teburi ɗaya. Kawu ya tsaya wurin wani da sha'ur ɗinsa ya yi masa, ya zaɓi madaidaita biyu da hannunsa, ya sa aka yanko dirak yanka huɗu masu kauri saboda Hajiya, tunda ƙashi ɗaya ne a tsakiya babu ƙananan ƙayoyi, ya ƙara sijan kaɗan. Ni na nace a sa ƙaramin najil guda, kada a koma gida a ce an je Jidda ba a ɗanɗana ba. Ya tsaya kan sikeli yana kallo har aka zubar da ruwan da ke cikin kwanon awo kafin a ɗora kifin. Da aka faɗi jimla ya rage 'yan riyaloli, mai teburi ya dafa ƙirji ya girgiza kai, Kawu ya yi kamar zai juya, aka sallama.

Rigimar ranar a teburin jatan lande ta tashi. Maiɗakina ce ta tsaya tana kallonsu, manya-manya, an tsiba su tsibi-tsibi bisa ga girma, kusa da su ga ƙaguwa an ɗaure mata hannuwa, ga wani fari mai santsi da yatsu da yawa da suke kira habbar. Hajiya ta leƙa ta ja da baya ta ce, "Wannan ai fara ce aka tsamo daga ruwa. Alhaji, anya wannan ya halatta?" Kawu, wanda ashe ya saba da tambayar daga bakin baƙinsa, ya tsaya ya ba ta amsa a natse. Ya karanto mata aya ta 96 ta Suratul Ma'ida, inda aka halatta farautar teku da abincinta, har ga wanda yake cikin harami. Ya kawo mata hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, na mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko za su yi alwala da ruwan teku in suna cikin jirgi, aka amsa masa cewa ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta halal ne. A mazhabarmu ta Malikiyya, in ji shi, abin da ke rayuwa cikin teku ana ci. Hanafawa ne suka tsaya a kan kifi kaɗai, kuma su ma malamansu sun saɓa kan jatan lande, wasu na lissafa shi cikin kifi wasu ba sa yi.

Hajiya ta ce ta ji, halal ne, amma ba duk halal rai ke so ba. Sai maiɗakina ta sunkuyar da kai ta ce, "Hajiya, ai kirafish ɗin nan da nake daka miki a miyar kuɓewa, 'yan ƙananansu ne aka busar." Hajiya ta dube ta, ta dube ni, ba ta ce komai ba. Aka auna rabin kilo. Kawu ya ce yawancin masu girma ɗaya sak ɗin nan na kiwo ne, daga babbar gonar jatan lande da ke Lis, kudu da Jidda, na teku kuwa girmansu yakan bambanta kuma suna da lokacinsu. Ya kuma yi wani gargaɗi da ya kamata duk wanda bai taɓa ci ba ya riƙe: akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar jatan lande da ƙaguwa, su yi ƙaiƙayi ko leɓe ya kumbura, wani har numfashi ya sarƙe. Mai farawa ya ci ɗaya ya dakata ya ga yadda jiki zai ce.

Wurin gyara wani dogon ɗaki ne, ma'aikata a jere sanye da takalman roba da rigar leda, kowa da wuƙa da abin kankara. Ana auna kayanka, ka biya bisa kilo, kuɗi kaɗan, a ba ka 'yar takarda mai lamba, a jefa irinta cikin kwandonka. Abin da baƙo zai iya mantawa shi ne dole tun a nan ka san yadda za a dafa kowane kifi, domin yankan ya danganta da haka. Kawu ya ce a tsaga sha'ur ta baya a buɗe shi kamar littafi saboda gashi, a bar masa ɓawonsa don shi ke kare tsoka daga wuta. Najil da sijan a kankare, a cire ciki, a tsattsaga jiki don suya, a datse wa sijan ƙayoyinsa. Jatan lande a ɓare, a zare baƙin zaren da ke bayansa, wanda hanjinsa ne. Saurin hannun mutanen nan abin kallo ne; kafin Hajiya ta gama gyara zama kan benci an kira lambarmu.

Gidan abincin ba shi da wani abin da za a ɗauka a hoto. Tebura ne da kujeru, da na'urar sanyaya ɗaki, da famfunan wanke hannu a jere, da ɓangaren da iyali ke zama. A kanta aka sake auna ledarmu, mai karɓa ya tambaya, "Makli ko mashwi?", wato suya ko gashi, Kawu ya rarraba masa. Kuɗin dafuwa shi ma bisa kilo ne. Sannan muka yi odar abin haɗawa: shinkafa sayadiyya, da gurasa, da miyoyin tsomi, da ganye. Aka ba mu wata lambar, muka nemi wuri.

Jiran ya ɗan ja, wajen rabin awa, kuma Kawu ya ce Juma'a da Asabar, ranakun hutun ƙasar, abin ya fi haka nesa. A cikin jiran ne na lissafa dalilin da ya sa wurin yake da sauƙi. Gidan abincin da ke sayen kifinsa ya ajiye, duk wanda bai sayu ba ya lalace asararsa ce, kuma a kan farantinka zai fanshe ta. Ga hayar wuri mai kallon teku, ga masu hidima da kayan aiki iri ɗaya, ga ado. Nan kuwa mai gidan ba shi da kifi ko ɗaya. Wuta da mai da gishiri da gwaninta yake sayarwa. Zaɓe da ciniki da ɗauka kai ka yi su da ƙafarka, kuma su ne ake cajin mutum a wancan wurin ba tare da an rubuta ba. A teburan da ke kewaye da mu akwai leburori da kayan aiki a jikinsu, akwai kuma magidanta 'yan ƙasa da farar riga da jan rawani sun zo da 'ya'yansu, kuma ni wannan cakuɗar ita ce shaidar da na fi yarda da ita kan gidan abinci.

Aka shimfiɗa leda kan tebur, aka fara sauke kaya. Sayadiyya ta fara zuwa, shinkafa mai launin ƙasa-ƙasa. Ba tumatir ba ne ya ba ta launin, albasa ce ake soyawa har ta kusa yin baƙi, a zuba ruwa a kai, a dafa shinkafar a ciki, sai ta fito da ɗan zaƙi da ɗan ɗaci-ɗaci na ƙonuwa wanda shi kaɗai ba ka ce komai ba, amma da kifi sai ka gane don me aka yi ta. Miyoyin tsomi uku ne. Akwai humar, wadda tsamiya ce aka dama da kauri, akwai ɗahina ta niƙaƙƙen riɗi da lemon tsami, akwai dakkus na tumatir da barkono da tafarnuwa. Hajiya tana ɗanɗana ta farkon ta ce, "A'a, tsamiya ce fa," fuskarta ta sake. Mu da muke kai tsamiya kunu da tuwo ba mu saba haɗa ta da kifi ba, alhali tana yanke maiƙon suya fiye da lemon tsami. Mai son yaji irin namu dai ya sani dakkus ba zai ishe shi ba; maiɗakina da ta san hali ta fito da ɗan ƙullin yajinta daga jaka.

Sha'ur ya zo a buɗe, bayansa ya yi baƙi da wuta, cikinsa fari tas, an shafe shi da tafarnuwa da lemon tsami da kayan ƙamshi. Tsokar tana ɓarewa fala-fala, ba ta da laushin nan mai maiƙo na tarwaɗa, kuma babu ɗanɗanon taɓo ko kaɗan. Najil an soya shi cikin mai mai yawa, fatar ta yi ƙaras-ƙaras, tsokar ta fi ta sha'ur tauri da zaƙi. Yana da daɗi, ban musa ba, na kuma gane abin da ya sa ake ji da shi. Sai dai in za a tambaye ni, bambancin da ke tsakaninsu bai kai bambancin kuɗinsu ba, kuma sha'ur sabo da aka gasa da kyau ya ishi kowa. Wanda ya ba ni mamaki sijan ne, ɗan ƙaramin nan mafi araha cikin abin da muka saya. Yana da ɗanɗano mai ƙarfi, da ɗan ɗaci a wajen ciki saboda ciyawar teku yake ci, kuma shi Kawu ya fi mai da hankali a kai, yana zare ƙashin tsakiya da yatsa biyu ya ajiye gefe. Ya ce tun yana yaro shi mahaifiyarsa ke saye, don shi kuɗinsu ke kaiwa.

Da hannu ake ci, babu mai kallon wani. Hajiya ta cinye dirak ɗinta da shinkafa da tsamiya, tana yi tana faɗin cewa wannan kam kifi ne na tsofaffi, ba sai an yi ta tsintar ƙaya ba. Farantin jatan lande yana tsakiya, an soya su da tafarnuwa sun yi ja sun lanƙwashe. Ba wanda ya yi mata tayi, don mun san in aka yi ba za ta ci ba. Can muna hira da Kawu kan tsofaffin unguwannin da Hausawa suka zauna a kudancin Jidda, irin su Karantina da Gulail da Sabil, waɗanda aka rushe a aikin sake fasalin gari na 2021 zuwa 2022, sai na ga hannunta ya miƙa ta ɗauki ɗaya, ta tsoma a tsamiya. Ta tauna, ta yi shiru, ta jira kamar yadda aka ce. Bayan ɗan lokaci ta jawo farantin gabanta ta ce wa maiɗakina, "Ke, miƙo mini yajin nan."

Mun rufe da shayi mai na'ana'a, muka yi ta wanke hannu da sabulu da ɓawon lemon tsamin da ya rage, don shi ke kashe ƙarni. Kayan jikinmu kuwa sai da aka wanke su. Wanda jirginsa zai tashi a ranar kada ya je da rigar da zai hau da ita.

Da na haɗa takardun uku, ta mai teburi da ta masu gyara da ta gidan abinci, wadda a cikinta har da harajin kashi 15 cikin 100 da ƙasar ke karɓa tun 2020, abin da ya hau kan kowannenmu bai kai riyal 60 ba, kuma najil ɗin da na nace a kai shi ya ɗauki kaso mafi girma. Farashi yana hawa yana sauka bisa ga yanayin teku da abin da masunta suka samo, amma a ranar kuɗin bai yi nisa da abin da muke biya a gidajen abincin da ke kewaye da Harami ba, inda kaza da shinkafa ce a kwali. Biyan ma sai da aka yi jayayya. Na riga Kawu zuwa kanta, ya biyo ni ya ture hannuna ya miƙa katinsa, yana cewa, "Khalas, ɗana, kana so a ji a gida an ce Yaya ta zo Jidda ta ciyar da kanta?" Na dubi Hajiya, ta yi mini alama in ƙyale shi. Muna fitowa ta ce mu koma ta rumfar 'yan kiri, ta sa na sayi jatan lande kilo biyu da kuɗin da ya ƙi karɓa, ita da kanta ta tsaya ta zaɓi teburin, aka zuba ƙanƙara a ledar, muka kai wa matarsa.